Ni Ake Fara Kira Kafin a Ɗora Sola

Ni kafinta ne, kuma rufin kwano shi ne fannina. A hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata, na koyi sana'ar a 'Yan Katako na Rijiyar Lemo a Kano. An kai ni wurinsa a 1991, bayan rasuwar mahaifina, ina yaro ko gemu ban fara ba. Na daɗe a shagon kafin ya yarda in taka tsani. Aikina a lokacin shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, da shafa wa katako baƙin mai, da riƙe bakin tef idan ana awo.

Kawu, Allah Ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne, amma yana da wata ɗabi'a da ta sa wasu masu gida ke ganin yana da tsauri. Ba ya yarda a yi cinikin gyaran rufi daga tsakar gida. Ko da kwano ɗaya aka ce yana yoyo, sai an buɗe masa silin ya shiga da kansa, ya fito duk jikinsa yana da yanar gizo-gizo, sannan ya faɗi kuɗi. Ranar da ya fara shiga da ni ya ce, "Ɗana, kwano riga ce kawai, ƙashin yana nan ciki. Wanda bai duba ƙashi ba bai duba rufi ba." Da wannan maganar na ci abinci, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da 'ya'yana har yau.

Sana'ar ta riƙe ni shekara da shekaru, sannan ta fara ja da baya. Masu hali suka koma dogon kwanon alminiyam, wanda kamfani ke yankowa daidai tsawon rufi ya kuma turo yaransa su buga. Mu aka bar mu da haɗa katako da kuma aikin talakawa 'yan uwanmu. Da haka dai muke lallaɓawa har ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Katako daga Kudu ake kawo shi a mota, don haka shi ma ya bi sahu, haka siminti, haka bandir ɗin kwano. Gine-gine suka tsaya a linta. Sai in fita da safe da jakar kayan aiki in dawo da la'asar ban buɗe ta ba. Bashin mai shago ya taru, har na kai ga neman wanda zai ba ni Adaidaita Sahu in riƙa kai masa balas, ni da ban taɓa tuƙa komai ba sai keke.

Ashe tsadar man da ta tsayar da aikina ita ce za ta buɗe min wata ƙofar. Mutane suka kasa ciyar da janareta, sai aka raja'a kan sola.

Akwai ɗan maƙwabcina, a gabana aka haife shi, ya yi karatun lantarki ya fara haɗa wa mutane sola. Injiniya nake ce masa tun yana makaranta, shi kuma Baba yake ce min. Wani dare a watan Agustan 2023, bayan isha'i, ya yi sallama da ni a ƙofar gida, ya tsuguna ya ce, "Baba, na shiga uku. Gidan da na yi wa aiki, ruwa na zuba a kan gadon matar gidan. Mai gidan ya ce in zo in kwashe kayana, in kuma biya shi silin."

Na ce, "Da ka huda kwanon, me ka kama a ƙarƙashinsa?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Kwanon dai, Baba."

Da safe muka je. Wayoyinsa tsaf, ko ni da ban san lantarki ba na ga aiki mai tsabta. Amma ƙafafun da ya ɗaure sandunan alminiyam masu riƙe farantan sola a kansu, da yawansu a kwarin kwano ya huda, daidai inda ruwa ke gangarowa. Wasu sukurorin kuma ba su sami katako ba sam, siririn kwanon kaɗai suka riƙe. Ya toshe da silikon, rana ta dafa shi ya ɗago. Ban yi masa faɗa ba, don yaron waya aka koya masa, ba wanda ya taɓa shigar da shi cikin silin. Muka sauke farantan, na canza kwanukan da suka huje, na ƙara katako a duk inda ƙafa za ta zauna, muka mayar. Mai gidan ya huce. A hanyar dawowa Injiniya ya ce, "Baba, daga yau duk gidan da aka kira ni, kai za ka fara hawa. In ka ce a'a, ba na ɗorawa." Allah Ya yi masa albarka, bai saɓa ba ko sau ɗaya, har a gidajen da hakan ya sa aikin ya kuɓuce mana.

Da rana tsaka nake son shiga silin, duk da cewa zafin cikin ba a magana. In na shiga sai in kashe tocila in tsaya har idona ya saba da duhu. Duk inda kwano ya huje, ko da bakin allura ne, zan ga ɗigon haske, sai in zagaye wurin da alli. Daga nan in kunna tocila in bi katakon ɗaya bayan ɗaya ina caka masa sukundireba. Gara ba ta taɓa bayan katako, ciki take rarakewa ta bar ɓawo, sai ka ga katakon tu-bai-fo lafiya lau a ido, kana dannawa ƙarfen ya shige. Ina duba hanyar ƙasa da take ginawa a jikin bango, ina duba baƙin tabon da tsohon yoyo ke bari, ina auna tazarar da ke tsakanin rafta da rafta. Gidaje da yawa an yi musu tsimin katako: inda ya kamata a bar ƙafa 4 sai a bar 6, a kuma yi amfani da farin katako a inda jan katako ya dace.

Abin da ya fi tayar min da hankali a ciki shi ne ɗaurin rufi da bango. Ƙa'ida ita ce langa-langa ko rodi ya fito daga cikin linta, a lanƙwasa shi a kan katakon da ke kwance bisa bango, a buga. Amma sau da yawa sai in tarar an aza katakon ne kawai a kan bulo, an soka masa 'yan ƙusoshi ko an ɗaure da siririyar waya da tsatsa ta gama ci. Irin wannan rufin nauyinsa ne kaɗai ke riƙe da shi.

Masu gida sun fi tambayata a kan nauyi. Farantin da aka fi sa wa yanzu, mai wat 550, tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa mita 1 da 'yan kai, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. Guda 8 sun wuce kilo 200, wato buhun siminti 4 da ɗoriya, ban da sanduna. Nakan ce musu nauyin a baje yake, rufi mai lafiya zai ɗauka ba tare da ya nuna ba. Iska ce abin tsoro. Kowa a Kano ya san hadarin farkon damina, wanda ke tasowa daga gabas da guguwa da jar ƙura kafin a ga ɗigon ruwa. Iskar nan ba danna rufi take ba, ɗaga shi take, kuma ta fi ƙarfi a baki-baki da kusurwoyi da can ƙololuwa. In ta shiga ƙarƙashin faranti, faranti zai ja sanda, sanda ta ja katako, katako ya ja abin da ya ɗaure shi da bango. Duk wanda ya fi rauni a cikinsu, nan za a rabu. Shi ya sa ba ma barin faranti ya leƙa waje da bakin rufi, kuma muna ja baya daga gefe ko da hakan zai rage mana wuri.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce mutane ba sa son ji. Masu ƙera farantan nan suna ba da tabbacin shekara 25. Kwanon da ke kan yawancin gidajenmu kuwa siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 0.2 ba, wani ma bai kai ba, kuma ya riga ya sha damina da yawa kafin a yi tunanin sola. In ka rufe tsohon kwano da faranti, ranar da ya fara yoyo ba ka da hanyar kai hannu wurin sai an kwance waya, an sauke komai, an gyara, an sake ɗorawa. Kuɗin aiki biyu ke nan, ga haɗarin fasa gilashi a saukewa. Don haka in na ga jan tsatsa ta fara cin inda kwano ya hau kan kwano, nakan ce a canza aƙalla ɓangaren da farantan za su zauna, a sa mai kauri.

Wajen zaɓen ɓangaren, nan ni da Injiniya muke haɗa kai. Da yawa suna cewa a fuskantar da farantan gabas tunda ta nan rana ke fitowa. Shi ya fahimtar da ni cewa Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a yawancin watannin shekara ta kudu rana ke ratsawa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta ne kawai take ɗan karkata arewa da tsakar rana. Kudu muke nema, da ɗan gangare na digiri 10 zuwa 15. Ba ma kwantar da su shamal, don ƙura da ruwa za su kwanta a kai. In rufin gabas da yamma ya gangara kuma ba shi da tsini sosai, ana iya amfani da shi, asarar ba ta da yawa. Inuwa ce ba a wasa da ita, tunda a jere ake haɗa farantan, in ta rufe ɗaya sai ta rage ƙarfin sauran. Ina tsayawa a kan rufin in duba darbejiya, da tankin ruwa, da dish, da rawanin ginin kansa, in kuma tuna cewa a watan Disamba inuwa ta fi tsawo. Akwai abu ɗaya da idon kafinta ke gani wanda mai waya kan wuce: in ginin maƙwabci na kudu yana da rodi a tsaye a samansa, to bene na tafe, ko bana ko baɗi.

Muna barin tazarar kamar inci 4 tsakanin kwano da faranti don iska ta ratsa. Injiniya ya nuna min a takardar da ke zuwa da farantin cewa a zafin digiri 25 aka auna ƙarfinsa, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan sulusin kashi ɗaya cikin 100. A watan Afrilu, da zafin gari kansa ke wuce 40, farantin da aka manna a jikin kwano sai ya yi asarar da mai shi zai ji a batirinsa. Muna kuma barin hanyar da mutum zai taka da wurin jingina tsani, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo zai lulluɓe gilashin, dole a riƙa hawa ana wankewa da sassafe kafin ya ɗau zafi. Huji kuwa a tudun kwano nake yi, ya ratsa ya shiga katako, da washa mai roba a wuyan sukuru da tef mai kwalta a ƙarƙashin ƙafar. Waya ta cikin bututu take sauka ta ƙarƙashin bakin rufi, ba na yarda a huda mata kwano.

Ba kowane rufi nake hudawa ba ma. Tsofaffin gidajen ma'aikata masu rufin asbestos, ba na sa musu diril: yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Rufin kankare shi ma ba na so a fasa shi. Dunƙulen kankare muke zubawa a sama mu ɗaure ƙafafun a jiki, mu tabbatar ba mu tare wa ruwa hanyar indararo ba.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba na tsallakewa, ko muna sauri. Sai na tura yaro gida-gida ya yi sallama ya ce za a hau sama, a gafarce mu. Wanda ke kan rufi a unguwanninmu yana ganin tsakar gida huɗu ko biyar, da matan mutane da banɗakunan da ba su da rufi. Yaran da ke aiki da ni sun san idonsu a kan kwano zai tsaya. Na taɓa sallamar wani saboda wannan, duk da ƙwazonsa. Sun kuma san a kan layin ƙusa ake taka kwano, don nan katako yake. Sandar alminiyam doguwa ce, tana ɗaukar wuta, don haka kafin a miƙo ta sama sai na ɗaga kai na ga inda wayar lantarkin titi ta bi. Mukan fara da an idar da sallar asuba gari ya yi haske, mu sauko kafin azahar, lokacin da kwano ba ya taɓuwa da hannu.

Aikin da ya fi zama min a rai na wata Hajiya ne a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Ƙanƙara take sayarwa da zoɓo da kunun aya, da firiza biyu. A watan Oktoban 2024 aka shiga duhun nan da ya game yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda, bayan babban layin wutar lantarki na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi. Kayanta suka lalace, abin da ta samu janareta ya cinye. Sai ta yanke shawara. Ta kwashi adashinta, ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal ɗin da ta ajiye tun na aure, ta kira Injiniya ya yi mata lissafin faranti 6 da inbata da babban batir. Kuɗin ya zo cif-cif, babu ragi babu ƙari.

Na shiga silin ɗakin baya, wanda shi ne ke kallon kudu. Ban daɗe ba na san akwai magana. Gara ta hau ta kusurwar bango ta bi rafta ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi sun zama ɓawo. Langa-langa kuwa babu ko ɗaya. Na daɗe a tsugune a cikin zafin nan, ba don ina da sauran abin dubawa ba, sai don ina neman bakin da zan faɗa mata.

A zaure muka zauna, ita da ƙaninta, ni da Injiniya. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Rufin nan ba zai ɗauki sola ba. Ko ba sola ma, ban so damina ta same ku a ƙarƙashinsa haka."

Ƙanin nata ya taso min. Ya ce dama haka masu aikin hannu suke, in sun ga mace da kuɗi sai sun ƙirƙiro aiki, mun haɗa baki ne da yaron nan. Maganar ta yi min zafi, amma na san tsoron a cuci 'yar uwarsa ne ya sa shi. Ban amsa ba. Na koma na yanko guntun rafta da zarto na miƙa masa na ce, "Alhaji, matsa ka ji." Ya matsa, katakon ya ruguje a tafin hannunsa, ƙasa da gari suka zubo masa a kan riga. Ya ce, "Innalillahi. A ƙarƙashin wannan yaran ke kwana?"

Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, na ga tana share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce, "Malam, in gidanka ne, yaya za ka yi?"

Na ce zan gyara rufi ko da sola za ta jira. Nan Injiniya ya kawo shawarar da ta warware mana. Ya ce a bar farantan yadda suke, a fasa babban batir a sa ƙarami. Firiza su yi aiki daga hantsi zuwa la'asar da ƙarfin rana, da dare a kashe su a bar su a rufe, ƙanƙarar da ta kama za ta riƙe kanta zuwa safe. Bambancin kuɗin batirin ya isa katako da kwano. Ta ce, "Bismillah, ku yi."

Na je Na'ibawa da kaina na zaɓo jan katako busasshe, na bi ta Ƙofar Ruwa na sayo langa-langa da ƙusa. Muka yaye kwanon, muka fasa saman bango muka dasa ɗauri da siminti, muka shafe kowane katako da baƙin mai har bakin yanka. Na bi hanyar garar har gindin bango inda ta fito, aka haƙa aka zuba magani, don in ba a kashe ta daga tushe ba sabon katakon ma nata ne. Sabon kwano mai kauri ya hau inda farantan za su zauna, tsofaffin da ke da sauran rai na rufe mata ɗakin girki da su. Ƙanin nan nata shi ya riƙa miƙo mana katako, kuma har yau in mun haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna ya daɗe.

Azumin 2025 ya zo a watan Maris, zafi ya fara. Duk la'asar in na wuce ƙofar gidan sai in ga yara a layi da kuloli suna jiran ƙanƙara. Bayan salla ta kira Injiniya ya sa mata babban batirin da kuɗin cinikinta. Kullum da yamma a azumin nan sai an aiko gidana da jarkar kunun aya mai sanyi, na yi magana har na gaji ba a fasa ba. Ita ce kuma ta haɗa ni da matan adashinsu, daga nan ayyuka suka riƙa zuwa har na biya mai shago bashinsa. Alhamdu lillahi.

Ba kowa ke karɓar magana kamar Hajiya ba. Wani mai hali, da gidansa ya fi nata sau nawa, na nuna masa rufinsa ba ɗauri, ya ce shi ba gyara ya kira ni ba, in buga kawai a biya ni. A ranar ina bukatar kuɗin ƙwarai. Na ba shi haƙuri na sauko da tsanina. Faranti gilashi ne da ƙarfe mai kusurwa, in iska ta cire shi ba a gidan mai shi zai sauka ba, a tsakar gidan maƙwabci zai sauka, inda yara ke wasa. Ba zan iya ɗaukar wannan alhakin ba. Wani ya yi masa aikin, ni kuwa ina roƙon Allah Ya tsare shi da maƙwabtansa.

Da abubuwa suka daidaita, na ce lokaci ya yi da Inna ma za ta huta da zafi. Tana nan a tsohon gidanmu na cikin birni, gindin Dala, a ɗakin soro mai azara. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ko magana ma ta fi yi min ta bakin ƙanwata. Da aka gaya mata abin da nake shiri, sai ta kalli ƙanwar tawa ta ce, "Gaya wa wannan, soron nan kakansa ya gina. Ba za a huda min shi ina raye ba."

Kuma ko a ƙa'idar aiki ita ke da gaskiya. Azara ta giginya ce, gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba, ta wannan gidan ta girme ni nesa ba kusa ba kuma har yanzu tana nan daram. Amma abin da ke samanta ƙasa ce da yaɓe, ba inda sukuru zai kama, kuma duk hujin da ka yi ka buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin ƙasar. Soro yana son a hau shi duk shekara kafin damina a toshe tsaga a gyara bakin indararo, faranti kuwa zai tare wurin. Ruwan da ke zuba daga bakin faranti a layi ɗaya ma kaɗai ya isa ya ci rami a jikin yaɓen. Sai na kira mai walda muka kafa rumfar ƙarfe a tsakar gida, ƙafafunta a cikin kankare, ta ɗan gangara kudu, tsayinta ya wuce inuwar katanga. Faranti 2 muka ɗora, sun ishe ta fanka da ƙwan fitila da cajin rediyo. A ƙarƙashin rumfar take shimfiɗa tabarma yanzu tana tsinkar zogale da jikokinta. Ba ta ce min komai ba, amma ƙanwata ta ce duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta nuna masa ta sa mini albarka.

Babban ɗana ya gama sakandare, ya ce shi aikin Injiniya yake so. Na amince, da sharaɗin sai ya fara shiga silin tare da ni har ya iya gane katakon da gara ta ci da jin ƙararsa. Yanzu yana tsakaninmu, wata rana da guduma, wata rana da mitar awon wuta.

Wani sabon aiki kuma ya fara zuwa mana, na gidajen da aka ɗora wa sola da gaggawa a 2023 da 2024 ba tare da an duba komai ba. Silin ya yi taswira, a kira mu mu sauke, mu canza kwano da katako, mu mayar. Muna yi, amma ba na jin daɗin karɓar kuɗin, don na san da an kira kafinta tun farko da rabinsa ya isa. Daga Janairu zuwa farkon Afrilu ne muke cika da aiki, tunda ba a yaye rufi da damina. Na riga na gaya wa Injiniya, duk gidan da ba mu gama ɗaurinsa ba kafin hadarin farko ya taso, farantansa su zauna a kwalinsu a cikin ɗaki sai Oktoba.